Babban Rim Ba Ya Ƙara Wa Mota Gudu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da matasanmu masu sha'awar motocin gudu, da makanikai da masu faci da suke yi musu aiki, da 'yan kasuwar da ake zuwa wajensu neman rim da taya, daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna da Apo a Abuja. Wani yayi ya kama gari: mutum zai sayi BMW ko Marsandi ko Mustang, kafin ya canja man inji ya riga ya cire ƙafafun da kamfani ya sa mata, ya ɗaura rim mai inci 20 ko 22, yana ganin ya ƙara mata ƙarfi. Kyau kam ta yi, wannan ba gardama. Amma a mafi yawan lokuta motar ta rage saurin tashi, ta ƙara shan mai, kuma ta zama abar tausayi a gaban rami. Ga dalili, da lissafinsa, da yadda ake yin canjin ba tare da an nakasa mota ba.

A fara da rubutun da ke jikin taya, domin duk maganar a can take. Ɗauki 225/45R17. Lamba ta farko faɗin tayar ce, milimita 225. Ta biyu tsayin gefen taya ne, wato robar da ke tsakanin bakin rim da ƙasa, kuma ana faɗinsa ne a matsayin kaso na faɗin: kashi 45 cikin 100 na 225, wato milimita 101. Lamba ta ƙarshe girman rim ne, inci 17, kowane inci kuwa milimita 25.4 ne, ya zama 432. In ka haɗa rim da gefen taya na sama da na ƙasa, tsayin ƙafar gaba ɗaya milimita 634 ne. A kan wannan 634 injiniyoyi suka tsara giya, da maleji, da kwamfutar birki, da filin da ƙafar za ta yi wasa a ciki. Shi ne lambar da ba a so a taɓa.

Saboda haka duk wanda zai ƙara girman rim dole ya rage tsayin gefen taya. Daga 225/45R17 sai a koma 225/40R18, tsayinta 637. Ko 225/35R19, tsayinta 640. Ko 225/30R20, tsayinta 643. Duk suna kusa da juna, amma duba abin da ya faru da gefen tayar: daga milimita 101 ya sauka zuwa 90, zuwa 79, zuwa ƙasa da 68. Kashi ɗaya cikin uku na robar da iskar da ke tare duka ya tafi. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce kada sabon tsayi ya bambanta da na asali da fiye da kashi 3 cikin 100, kuma gwargwadon kusancinsa da na asali, gwargwadon lafiyar motar.

Abin da aka fi yi a wajenmu shi ne a ɗauki tayar da aka samu a kasuwa, muddin ta hau rim ɗin. Misali a sa 245/35R20 a gurbin 225/45R17. Tsayinta ya kusa milimita 680, ƙarin kashi 7 cikin 100 ke nan. Maleji yana ƙirga juyawar ƙafa ne, bai san an canja ta ba, don haka idan ya nuna 100 kana kan 107, idan ya nuna 140 kana kan 150. Lissafin kilomitan da motar ta ci shi ma ya ragu da kashi 7, mai motar ya riƙa wuce lokacin juye mai bai sani ba. Sannan ƙarfin da inji ke turawa ƙasa ya ragu da kusan wannan kaso a kowace giya, domin doguwar ƙafa tana ƙara wa kowace giya tsawo. Motar za ta yi nauyin tashi, mai giya ta otomatik ta riƙa neman giyar ƙasa a hawa. Birki ma haka: faifan birki bai ƙara girma ba, amma ƙafar da yake ƙoƙarin tsayarwa ta ƙara tsayi, ta rage masa ƙarfi da kusan kashi 7.

Ko an yi lissafin tsayi daidai, saura maganar nauyi, kuma nan ne zuciyar al'amarin. Ƙarfe ya fi roba da iska nauyi. Duk incin da aka ƙara wa rim, an cire iska an sa ƙarfe, kuma an tura ƙarfen nesa da tsakiya. Nauyin ƙafa yana cutar da mota ta hanya biyu. Ta farko, ƙafa juyawa take yi: inji yana tura ta gaba kuma yana juya ta, aiki biyu. Kilo ɗaya da ke can bakin taya yana cin ƙarfin da kilo biyu za su ci a cikin but, wanda ke jikin rim kuwa wajen kilo ɗaya da rabi. Za ka ji wasu suna cewa kilo ɗaya a ƙafa daidai yake da goma a jiki. Wannan zuzutawa ce, lissafi bai wuce ninki biyu ba. Ninki biyun ma ba ƙaramin abu ba ne idan aka tara ƙafa huɗu.

Hanya ta biyu ta fi muhimmanci, kuma ita aka fi mantawa. Rim da taya da birki suna ƙarƙashin sifirin ne, ba sifirin ke ɗauke da su ba. Idan ƙafa ta taka tudu sai ta yi sama, aikin sifirin da shokazoba shi ne su mayar da ita ƙasa nan take don ta ci gaba da riƙe kwalta. Ƙafa mai nauyi ta fi tashi da ƙarfi, ta fi jinkirin dawowa. A wannan ɗan lokacin da take sama ko take taɓa ƙasa sama-sama, ba ta juya mota, ba ta tsayar da ita. A kan kwalta mai santsin madubi ba za ka lura ba. A kwana mai gargada, kana cikin gudu, nan za ka ji motar tana tsalle tana zamewa waje. Kuma shokazobar da aka ƙera don ƙafa mai kilo 20 idan aka ɗora mata 26 tana zafi, tana mutuwa da wuri, ta ja bushin da boris su bi ta.

An gwada wannan a fili. A shekarar 2010 mujallar Car and Driver ta Amurka ta ɗauki Volkswagen Golf guda ɗaya ta sa mata ƙafafu daga inci 15 har zuwa 19, tana kiyaye tsayin ƙafar kusan iri ɗaya. Tsakanin ƙaramar da babbar, kowace ƙafa ta ƙara wajen kilo 6. Tashi daga tsaye zuwa mil 60 a awa, wato kilomita 97, ya koma daƙiƙa 7.9 daga 7.6. Tafiyar da motar ke yi da kowace lita ta ragu da kashi 10 cikin 100. Riƙon ƙasa a kwana ya ƙaru, gaskiya ne, domin tayoyin sun ƙara faɗi, amma ya kai ƙololuwa ne a inci 18, a 19 ya ɗan sauka. Golf ba motar tsere ba ce, sai dai gwajin yana da tsabta, tunda mota ɗaya ce kuma ƙafa kawai aka canja.

Adalci ne a faɗi amfanin babban rim, domin yana da shi. Gajeren gefen taya ba ya lanƙwasa sosai, don haka idan ka murza sitiyari motar tana amsawa da sauri, kuma a kwana mai zafi tayar ba ta naɗewa a ƙarƙashin rim. Na biyu, kuma shi ne babban dalilin da ya sa kamfanoni suke sa manyan rim, shi ne birki. Porsche 911 Turbo S ƙirar 992 tana da faifan birki na gaba mai milimita 420. Wannan faifan da abin da ke matse shi ba za su shiga cikin rim mai inci 18 ba, shi ya sa ta zo da 20 a gaba da 21 a baya. Bayan ya fi girma da faɗi saboda injinta a baya yake, mafi yawan nauyi da ƙarfi a can suke sauka. Rim ɗin ya biyo birki ne da nauyin motar. Wanda ya ɗaura inci 20 a kan faifai mai milimita 300 ya ɗauki nauyin ya bar amfanin, ana leƙen ƙaramin birkinsa ta tsakanin sandunan rim.

Su kansu masu ƙera motocin gudu ba kullum suke hawa sama ba. Honda ta fito da Civic Type R ta 2017 da 245/30R20. Da ta sake ƙirar a 2022 sai ta sauko zuwa 265/30R19: rim ya ragu da inci ɗaya, taya ta ƙara faɗi da milimita 20, gefenta ya ƙara tsawo daga 73.5 zuwa 79.5. Mazda MX-5, wadda ta fara fitowa a 1989 da 185/60R14, har a ƙirarta ta 2015 ba ta wuce inci 16 da 17 ba, kuma da noti huɗu kacal, domin falsafar motar gaba ɗaya rage nauyi ce. Toyota GT86 ta 2012 ta zo da 215/45R17, siririyar taya da aka zaɓa da gangan don direba ya ji iyakar riƙonta a gudun da bai kai na halaka ba. Ford kuwa, da ta so Mustang Shelby GT350R ta fi 'yar'uwarta GT350, ba ta ƙara inci ba. Ta bar shi a 19, ta sa rim na zaren kabon daga kamfanin Carbon Revolution na Ostireliya, kowane wajen kilo 8 a maimakon wajen 15 na alminiyam. Kuɗin ya tafi ne wajen rage nauyi.

Wani zai ce ai motocin Formula 1 sun koma manyan rim. Haka ne, a 2022 suka bar inci 13 da suka daɗe a kai suka koma 18, tsayin ƙafar ya tashi daga milimita 670 zuwa 720. Sai dai ƙa'ida ce aka sa, don tayoyin Pirelli, kamfanin da ke yi wa gasar taya, su kusanci na motocin titi, kuma ƙafafun sun fi na da nauyi; suna cikin abubuwan da suka sa mafi ƙarancin nauyin motar ya tashi daga kilo 752 zuwa 798. Shekaru da dama motocin da suka fi kowace mota saurin kwana a duniya a kan inci 13 suke. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne gasar tseren daji ta duniya, wadda ake yin zangonta na Safari a Kenya. Mota ɗaya ce, direba ɗaya: a zangon kwalta ana sa mata inci 18, a zangon burji da duwatsu ana sa mata inci 15 da doguwar taya. Hanya ce ke zaɓar rim.

To mu duba hanyoyinmu. Idan taya ta faɗa rami mai kaifin baki, gefenta yana matsewa tsakanin bakin ramin da bakin rim. Mai milimita 101 tana da filin da za ta shanye dukan. Mai 68 sai ta ƙare, rim ya datse zaren da ke cikin robar. Daga waje ba a ganin komai a ranar, bayan kwana biyu sai ƙulu ya fito a gefe. Wannan ƙulun iska ce ta ratsa inda zare ya tsinke, roba kaɗai ke riƙe da ita. Ba ya facuwa, ba a juya shi ciki a ɓoye, tayar ta gama aiki. In aka ci gaba da gudu da ita a zafin watan Afrilu, a kan doguwar hanya kamar ta Kano zuwa Maiduguri, fashewa take yi ba sallama.

Rim ɗin shi ma yana karɓar rabonsa, kuma yawanci leɓen ciki ne yake lanƙwashewa, inda ido ba ya kaiwa, saboda can babu sanduna masu tallafe shi. Alamarsa karkarwar sitiyari a gudun kilomita 90 zuwa 120 a awa, ko iska mai sauka a hankali ba tare da ƙusa ba. Ƙaramar lanƙwasa a leɓe tana miƙuwa a injin miƙe rim. Wanda ya tsage kuwa, musamman a sanda ko kusa da ramin noti, a jefar da shi. Zafin walda yana kashe ƙarfin alminiyam ɗin da ke kewaye da ɗinkin, sai ya sake tsagewa a gefensa. A san kuma cewa rim iri-iri ne. Akwai na zubi, wanda aka narka aka zuba a mazubi, shi ya fi araha da nauyi. Akwai wanda aka zuba sannan aka murza bangonsa da zafi ya yi siriri da ƙarfi. Akwai wanda aka matse daga dunƙulen ƙarfe, shi ya fi sauƙin nauyi da ƙarfi da tsada. Yawancin manyan rim masu arha da aka kwaikwayi zanen manyan kamfanoni na zubi ne. Kafin ka biya, a ɗora tsohuwar ƙafarka a sikeli, a ɗora sabuwar. Idan sabuwar ta fi da kilo 2 ko sama, ka san abin da ka saya.

Faɗi ma yana da iyaka. Faffaɗar taya ta fi riƙo a busasshiyar kwalta, amma a damina ta fi saurin hawa kan ruwa ta yi iyo, domin ruwan da za ta kora ya fi yawa. Tana kuma bin kwarin da tayoyin tirela suka haƙa a kwalta, sitiyari ya riƙa fizga. Motar da kamfani ya yi wa baya mai faɗi fiye da gaba, a bar ta haka; in aka faɗaɗa gaba kaɗai, baya ne zai fara zamewa, in aka faɗaɗa baya kaɗai, motar za ta ƙi shiga kwana. Mai ja da ƙafa huɗu, irin Audi quattro ko Subaru WRX, dole ƙafafunta huɗu su zama tsayi ɗaya, in ba haka ba na'urar raba ƙarfi tsakanin gaba da baya tana aiki ba hutu har ta ƙone.

Wanda duk da haka ya ƙudura zai canja, ga abin da zai duba kafin rim ya hau. Tsarin ramukan noti: tsofaffin BMW irin E90 5x120 ne, wato noti biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 120, Marsandi da Volkswagen 5x112, yawancin Toyota da Honda masu noti biyar 5x114.3. Tsakanin 112 da 114.3 ido ba ya rabewa, noti zai shiga da ƙarfi, amma a karkace yake zaune, wata rana ya karye. Sai faɗin ramin tsakiya a milimita: BMW ɗin nan 72.6, Marsandi 66.6, Honda 64.1, Toyota 60.1, Volkswagen 57.1. Idan ramin rim ya fi na motar faɗi, a sa zoben cike gurbi, in ba haka ba ƙafar ba za ta zauna a tsakiya ba, kuma ba balansin da zai kashe karkarwar. Sai lambar ET da aka buga a bayan rim, wadda ke nuna zurfin zamansa ciki ko waje. Kada a yi nisa da ta asali fiye da milimita 5 zuwa 10. In ta yi ƙasa sosai ƙafar ta fito waje, ta goga a jikin mota, ta ɗora wa boris lodin da ba nasa ba. In ta yi sama, cikin rim ya taɓa shokazoba ko birki. Mazaunin noti ma ya bambanta: rim ɗin Marsandi na asali zagayayyen mazauni gare shi, na BMW da yawancin na kasuwa mai tsini ne. Notin da bai dace da mazauninsa ba yana kwancewa da kansa.

A jikin taya, bayan girman, akwai lamba da harafi, kamar 91W ko 94Y. Lambar ta lodi ce: 91 tana ɗaukar kilo 615, 94 kilo 670. Harafin na gudu ne: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Kada sabuwar ta gaza abin da ke rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Gajerun tayoyi iskarsu kaɗan ce, don haka sau da yawa sai an nemi masu alamar XL, wato masu ɗaukar ƙarin lodi, kafin lodin ya cika. A duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin rubutun da ya fara da DOT a jikin tayar, su ne ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar Beljiyam mai kyakkyawan zane tana iya zama tsohuwa wadda robarta ta bushe, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗi a kan wannan. Sabuwar taya mai kyau a kan rim na asali ta fi ba da riƙo da birki a kan tsohuwa a rim mai inci 20, kuma kuɗinta bai kai ba.

Wajen ɗaurawa, a goge tsatsar da ke fuskar da rim zai zauna. A fara kowane noti da hannu, a ɗaure su a tsallake, ɗaya da na gabansa, sannan a sauke motar a ƙarasa da sifana mai awo: Toyota da yawa 103 Nm (awon ƙarfin ɗaurin noti), Honda 108, BMW E90 120, sauran a duba littafin motar. Hawa kan sifana da ƙafa yana miƙar da noti, yana iya karkatar da faifan birki. A yi balansin da alaimen. A murza sitiyari har ƙarshe hagu da dama, mutum huɗu a cikin motar, a saurari ko akwai guga. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notin. Iska kuwa da safe ake aunawa, taya na sanyi, bisa awon da ke jikin ƙofa, kuma gajeriyar taya tana iya rasa rabin iskarta ba a gani da ido, don haka geji ne zai faɗa, aƙalla duk mako biyu. Kada a sace iska don an ga ta hau bayan tafiya. Zafi ne ya ɗaga ta, za ta sauko.

Shawarata ga mai motar gudu a ƙasar nan: ya tsaya a mafi ƙanƙantar rim ɗin da kamfani ya amince da shi wanda ya rufe birkinsa, in ya matsu ya hau inci ɗaya. Ga yawancin motocin da ke hannun matasanmu wannan yana nufin 17 ko 18, da gefen taya da bai gaza milimita 90 ba. Ga 'yan kasuwa kuma, roƙona shi ne su ajiye sikeli a shago, su riƙa yi wa mai saye lissafin tsayin tsohuwar ƙafa da sabuwa a gabansa kafin a kwance noti.

Na gode, Malam Edita. Allah ya kiyaye hanya.

Daga wani mai aikin ƙafar mota, Kano.